Minti Arba'in na Tashar Lucero

Nidia Samaniego ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare ta unguwar Sajonia, a birnin Asunción. Da ta ajiye alli, sai ta kama aikin da babu mai biyanta, wato gyaran maƙaloli a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa wa hannu. Cikin masu gyara na Asunción an san ta da tsanani. Komai daɗin jimla, in ba ta zo da madogara ba, littafi ko jarida ko mujallar da mutum zai iya zuwa ya duba da idonsa, Nidia kan ba ta kwana bakwai, a rana ta takwas ta share. Sababbin shiga tsoronta suke yi, tsofaffi kuwa Profe suke ce mata, wato malama.

Ita da kanta ta zaɓi maƙalar Lucero, tashar finafinai ta masu biyan kuɗin wata, wadda ta yi tashe daga 1992 har aka rufe ta a 2004. Maƙalar ta daɗe a hargitse. Wani ya jero sunayen finafinai fiye da ɗari biyu ba kai ba gindi, wani ya kwafo tallan tashar ya manna yadda yake, ranar buɗewa kuma iri uku ce a shafi ɗaya. Nidia ta zauna da takarda da biro kafin ta taɓa kwamfuta, ta raba aikin gida biyar: kafuwa, masu tashar, shirye-shirye, yaɗuwa, rufewa.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne yayanta Eligio ya yi shekara shida yana aiki a ɗakin watsa shirye-shirye na tashar. Ta ce wa kanta tsari kawai za ta yi, shekarar 1998 kuwa za ta ratsa ta gefenta ta wuce.

Mako uku tana zuwa ɗakin tsofaffin jaridu na laburare, daga buɗewa har zafin rana ya kore ta gida. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne adadin gidajen da suke biyan tashar. A ƙarshe ta same shi a wata jarida ta watan Maris 1998, gida dubu arba'in da ɗaya. A ƙasan shafin kuma, gefen tallan taya, ga wani ɗan labari mai sakin layi uku. Ba ta buƙaci karanta shi ba, ta san shi tun yana sabo. Ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, ta matso da ita yadda rabin sama kaɗai zai fito, sai hannunta ya tsaya. Sau nawa ta yi wa mutane faɗa kan yanke shafi? Ta ja baya ta ɗauki shafin gaba ɗaya, da kwanan watansa, ta ɗora a shafin tattaunawar maƙalar don kowa ya tabbatar da adadin.

Kwana huɗu aka yi. Wilfrido Ocampos, mai kantin magani a Encarnación, wanda ita ta koya masa aikin shekara huɗu da suka wuce, ya karanta shafin tun daga sama har ƙasa kamar yadda ta koya masa. Ya ƙara sabon sashe a ƙarƙashin tarihin tashar:

"Ranar Lahadi 15 ga Maris 1998, hoton tashar ya ɗauke na minti arba'in ana tsakiyar haska wani fim na tarihi kan filayen da aka ƙwace wa manoma a arewacin ƙasar. Tashar ta ce sakaci ne na ma'aikacin da ke bakin aiki, Eligio Samaniego, wanda ya zo aiki a buge. An sallame shi washegari."

Har da saƙon godiya ya bar mata. Ya ce shafin nan da ta samo taska ne. Samaniego suna ne da ya cika gari, bai kawo komai a ransa ba.

Nidia ba ta riga ta gani ba sai da Zunilda, 'yar Eligio, ta kira ta daga asibitin da take aikin jinya.

"Gwaggo, wata abokiyar aikina ce ta turo min, wai ko babana ne. Na duba, na ga ke kika sa hoton jaridar."

"Ni na sa, amma ba don wannan ba."

"To don me? Shekara ashirin da shida maganar nan tana kwance. Yanzu duk wanda ya rubuta sunan Baba a waya, ita za ta fara fito masa."

"Ya gani?"

"Na karanta masa. Ya ci gaba da kwance fankarsa."

Nidia ta hau bas zuwa Kasuwa ta Huɗu. Rumfar Eligio na can ciki, tsakanin masu ganyen magani da masu takalma, cike da fankoki da injinan markaɗe da rediyoyin da masu su suka manta da su. Tun da aka kore shi daga Lucero babu tashar da ta sake ɗaukarsa, nan ya ƙare. Ya tura mata kujera da ƙafa, ya zuba ruwan ƙanƙara a kofin tereré, shayin ganyen da ake sha da sanyi, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

"Malama ta zo duba aikin gida," in ji shi.

"Yaya, ban yi da gangan ba."

"Na sani. Ke ba kya yin komai da gangan, ƙa'ida kike bi." Ya hura ƙurar da ke jikin wata waya. "Ai abin mai sauƙi ne. Tun da ke ce shugabar masu gyaran, ki je ki rubuta yadda aka yi. Kina gidan Mama lokacin da na dawo, kin ji komai. Don Anselmo, manajanmu, ya bugo daga gidan mai tashar, ya ce in kashe. Fim ɗin ya kusa kaiwa wurin da ake ambaton mahaifin mai tashar da gonakin da ya haɗiye. Na ce ranka ya daɗe, mutane na kallo. Ya ce in kashe ko in nemi wani aikin. Na kashe, kuma na nemi wani aikin."

"Ba zan iya rubuta shi haka ba."

"Ba ki yarda ba ne?"

"Na yarda. Amma sai an buga shi a wani wuri tukuna. Jarida, ko littafi. Abin da mutum ya faɗa da baki ba ya shiga."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta.

"Wanda ya rubuta na jaridar, daga ina ya samo?"

"Daga bakin tashar."

"Wato daga bakin Don Anselmo. Bakinsa ya bi ta injin buga takarda, ya zama gaskiya. Nawa ya tsaya a kasuwa." Ya karɓi kofin ya sake cikawa. "Sha, rana na yi. Ki gaida gida."

Da ta koma gida ba ta ci abincin rana ba. Ta buɗe maƙalar, ta rubuta jimla biyu a ƙarƙashin na Wilfrido: cewa manajan tashar ne ya ba da umarnin katsewa ta waya, kuma dalili shi ne abin da fim ɗin ya ƙunsa. Babu madogara. Shekara tara tana wannan aiki ba ta taɓa yin haka ba. Ta danna maɓallin wallafawa, ta tashi ta wanke kwanukan da ba su da datti.

Minti ashirin bai cika ba Wilfrido ya cire jimlolin, ya turo mata saƙo ta waya.

"Profe, ki canja kalmar sirrinki yanzu. Ina jin wani ya shiga da sunanki, ya rubuta zargi kan mutum ba hujja. Na goge."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta kira shi.

"Wilfrido, ni ce na rubuta. Eligio Samaniego yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta ji ƙarar ƙofar kantinsa, da muryar wata mata tana tambayar maganin tari.

"Profe, wallahi ban sani ba. In cire sashen duka?"

"Da wane dalili? Jarida biyu ne suka buga, na ga ta biyun ma. In ka cire don ni, gobe wani zai mayar, kuma shi ne da gaskiya."

"To me za mu yi?"

"Zan faɗa a shafin tattaunawa cewa ɗan'uwana ne, in janye hannuna daga sashen. Ku ku yanke. Ni kuma zan nemi abin da za a iya dogara da shi."

Ta rubuta bayanin a layi uku, ta sa sunanta. Wani mai gyara daga Rosario, wanda ta taɓa share wa maƙala sukutum, ya amsa cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, yana mai cewa da an san haka tun farko da ya fi.

Mutum ɗaya ta sani da ya ji wayar nan ban da Eligio. Ña Porfiria Duarte ce ke kan teburin wayoyin tashar a lokacin, duk kiran da zai shiga ɗakin watsawa sai ya bi ta hannunta. Nidia ta yi kwana biyu tana tambaya kafin ta samu gidanta a Luque, bayan layin maƙeran azurfa. Tsohuwar na zaune a inuwar mangwaro tana gurza rogo. Ta sa aka kawo chipa mai zafi, burodin rogo da cuku, ta saurari Nidia har ƙarshe hannunta bai tsaya ba.

"Na tuna," in ji ta. "Ni na haɗa su. Don Anselmo yana magana ana jin kiɗa da hayaniyar masu gasa nama a bayansa. Ban ajiye kan wayar ba, ban taɓa ajiyewa ba, aikin ba shi da wani daɗi sai wannan. Ya ce wa yayanki ya kashe. Sau biyu ya faɗa."

Nidia ta matso kusa da ita.

"Ña Porfiria, akwai wani malami a jami'a, Dakta Cañete, yana tattara labaran tsofaffin ma'aikatan talabijin zai buga a mujalla. In kika gaya masa abin da kika gaya min…"

"A'a, 'yata."

"Don Anselmo ya rasu. Tashar ma babu ita."

"Tashar babu, masu ita suna nan. Ɗana Crispín motar shanunsu yake tuƙawa, yaransa uku. Ke na gaya wa don kin zo har gida, kuma na san mahaifiyarku." Ta kakkaɓe rogon daga yatsunta. "Sannan in zan faɗa, ai duka zan faɗa. Yayanki ya sha ranar. Da ya zo karɓar makulli na ji warin giya a bakinsa. Ba a buge yake ba, yana tafiya daidai, yana magana daidai. Amma ya sha, kuma Don Anselmo ya sani, shi ya sa ya samu abin rataya masa."

A bas ɗin komawa Nidia ta zauna gefen taga, chipar da aka ƙunsa mata tana huce mata a cinya. Shekara ashirin da shida a gidansu ana ba da labarin nan, a teburin Lahadi, a zaman makokin Mama, ba a taɓa ambaton giya ba sai a matsayin ƙaryar jarida. Ita kanta ta taɓa daina gaisawa da wata maƙwabciya shekara biyu saboda ta ce ai Eligio dama yana taɓawa.

Ba ta sauka a unguwarsu ba, ta wuce kasuwa. Eligio yana cin soyayyen rogo da ƙwai a kan benci.

"Na je wurin Ña Porfiria."

"Tana raye ashe. Har yanzu tana saurare a waya?"

"Ta ce ta ji umarnin. Ta kuma ce ka sha."

Ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya goge hannu a tsumma.

"Kwalba biyu, da rana, wurin bikin sunan ɗan abokina Cirilo. Aiki kuma ƙarfe shida na yamma na kama."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Wa zan gaya wa? Mama? Da na ce kwalba biyu, babu wanda zai ƙara jin sauran maganar. Ke ma ga shi yanzu, dubi yadda kike kallona."

"Ba wani kallo nake maka ba."

"Kina yi. Irin wanda kike wa ɗalibin da ya kwafi amsa." Ya jawo wata fanka gabansa ya fara kwance murfinta. "Hannuna bai yi rawa ba ranar, Nidia. Na san maɓallin da na danna, na san dalilin da ya sa na danna. Abin da ke hana ni sukuni ba giyar ba ce. Akwai wani tsoho a fim ɗin, manomi, ya buɗe baki ke nan zai faɗi sunan wanda ya kore su daga gonarsu, na yanke shi. Ni na ga sauran a ƙaramin allo, ni kaɗai a duk ƙasar nan. Minti arba'in yana magana."

Ta zauna har ya gama da fankar, ya haɗa ta da wuta, ta juya.

An yi kwana shida ana muhawara a shafin tattaunawa, Nidia tana karantawa ba ta sa baki. Wilfrido ya kawo hujjar cewa Eligio mutum ne mai rai, ba sananne ba, sunansa bai ƙara wa mai karatu komai, kuma zargin daga bakin wanda ya kore shi kaɗai ya fito. Mutum biyar suka goyi baya, aka cire sunan. Aka kuma gyara jimlar ta fara da "a cewar tashar". Nidia ta koma laburare ta bi jadawalin shirye-shirye na wata shida bayan ranar, ta ga ba a sake haska fim ɗin ba ko sau ɗaya, alhali kowane fim na Lucero sai an maimaita shi sau huɗu ko biyar. Ta tura wa Wilfrido hotunan, ya gabatar. Mutumin Rosario ya ce wannan bincike ne na ƙashin kai, babu jaridar da ta lura da haka ta rubuta, don haka ba ya shiga. Nidia ta karanta amsarsa sau biyu tana neman inda ya kuskure, ba ta samu ba.

Sauran maƙalar ta kammala ta. Finafinai ɗari biyun nan ta mayar da su sakin layi huɗu, ta tabbatar da ranar buɗewa daga jaridu uku, ta bi sayar da hannun jari har zuwa rufewa. Madogara sittin da ɗaya. Wilfrido ya ce zai gabatar da ita cikin zaɓaɓɓun maƙaloli, ta ce ya bari tukuna.

Ranar Asabar ta buga sashen a takarda da manyan haruffa ta kai kasuwa. Eligio ya sa tabarau, ya karanta yana motsa leɓe.

"Ma'aikacin da ke bakin aiki," in ji shi. "To. Da ni mashayi ne mai suna, yanzu mashayi ne marar suna."

"Zunilda ta ce in an nemi sunanka yanzu ba ya fitowa."

"Ta gaya min. Na gode." Ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin gwangwanin kusoshi. "Wannan malamin naki na jami'a, in na yi masa magana ya buga, za ku sa?"

"In mujallar ta buga, za a iya cewa kai ka ce kaza. Ba za a ce haka aka yi ba. Za a ajiye maganarka kusa da tasu."

"Kusa da tasu." Ya jinjina kai. "Ya zo ranar Talata da safe, kasuwa ba cika. Zan gaya masa har da kwalba biyun, kada Porfiria ta riga ni."

Nidia ta kira Dakta Cañete a gabansa, aka tsayar da ƙarfe tara.

Ranar Talata ta riga kowa zuwa. Ta tarar Eligio ya share rumfar, ya kwashe fankokin gefe, ya aro kujera mai kyau daga wurin mai takalma. Ya sa farar riga da aka goge, ya yi aski. A kan benci ga tsohon katin aikinsa na Lucero, hoton ya koɗe, da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta lokutan shirye-shirye a wancan zamani. Tara ta yi, goma ta yi. Wata mata ta kawo injin markaɗe, ya ce ta dawo gobe, yana da baƙo. Sha ɗaya saura kwata saƙo ya shigo wayar Nidia: an kira taron gaggawa a tsangaya, Dakta yana ba da haƙuri, kuma kuɗin aikin mujallar ma ana sake duba shi, zai neme su bayan hutun ƙarshen shekara.

Ta karanta masa kamar yadda aka rubuta. Eligio ya cire farar rigar ya rataye a ƙusa, ya sa ta aiki, ya mayar wa mai takalma kujerarsa. Ya leƙa layin ko zai hango matar nan mai injin markaɗe, amma ta riga ta shige cikin jama'a.

"Bayan hutu yaushe ke nan?" ya tambaya.

"Fabrairu. Wataƙila Maris."

"To ki riƙa tuna masa. Ke ya fi jin tsoro."

Ta ce za ta riƙa tuna masa. Ta zauna tare da shi har azahar, suna miƙa wa juna kofi, ba wanda ya ƙara tayar da maganar.